Wane madubi zan ɗora wa karabin ɗin Baba don harbin nesa?

Ɗan_Adar84
Assalamu alaikum ƴan uwa maharba. Ina da tambaya, don Allah wanda ya sani ya taimaka. Marigayi mahaifina ya bar mini karabin .308, tun bara nike bin takardunta har Allah ya sa anka maida ta da sunana watan jiya, parmin farauta ma na biya. Bindigar lafiyarta lau amma saitin ƙarfe gare ta, shi Baba da shi ya yi rayuwarshi, ni kuwa idona bai kai nashi ba, in abu ya wuce mita 100 sai in ga ƙwayar saitin ta rufe shi gaba ɗaya. Can wajen garkenmu bayan Abalak dila ta dame mu, ƴan raguna huɗu ta ɗauke cikin wata biyu, kuma fili ne fetal ba wurin laɓewa, da ta hango mutum ta yi gaba. Wani abokina da ke zuwa Dubai ya turo mini hoton madubin bindiga mai jawo nesa guda biyu, ɗaya an rubuta 3-9x40, ɗayan 6-24x50, wai na biyun ko mita 800 abu yake yana jawo shi kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Kuɗinsu ba su da nisa da juna. Raina ya fi kwantawa da babban amma ban so in zuba kuɗi a banza. Wanne kunka gani?

Yaron_Abalak
Wa alaikumus salam yaya. Babban mana! In kuɗin kusan ɗaya ne mi za ka yi da ƙarami, 24 ai ta fi 9 ko a lissafin lakkol. Filin namu na san shi, ba ka samun dila ƙasa da mita 300.

Tsohon_Soja_Tawa
Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗana ka saurare ni, maganar da ta sa na tsaya ita ce da ka ce kuɗinsu ba su da nisa. Madubi mai 6-24x50 na ƙwarai ba ya zama kuɗi ɗaya da 3-9x40 na ƙwarai, in ka ga sun yi kusa to babban an rage mishi wani abu a ciki wanda ido ba ya gani a hoto. Na biyu, ƙasarmu ba Turai ba ce. Ka fita fili ƙarfe goma sha ɗaya na safe cikin watan Afrilu ka juya madubi zuwa 24 ka gani, kawalwalniya kaɗai za ka kalla, dabbar tana rawa kamar tana cikin ruwa, domin madubin duk abin da ke tsakaninka da ita yake ƙara wa girma, har zafin da ke tashi daga ƙasa da ƙurar hunturu. Bugun zuciyarka ma sai ka ga gicciyen da ke cikin madubin, wanda ake auna abu da shi, yana tsalle da shi. Mu da munka yi shekaru muna harbin allo mun san wannan, da rana ta take kowa komawa yake 8 ko 10.

Injiniya_Yamai
Sannunku. Bari in fassara lambobin tukuna don duk mu tafi tare, tunda na ga akwai sababbi a nan.

3-9x40 na nufin yana ƙara girman abu daga sau 3 zuwa sau 9, ita kuma 40 faɗin gilashin gaba ne da milimita. 6-24x50 daga sau 6 zuwa 24, gilashin gaba milimita 50. To ga lissafin da masu saidawa ba su faɗa: ka raba faɗin gilashin gaba da ƙarfin da ka sa, abin da ya fito shi ne faɗin ɗigon hasken da ke shiga idonka. 40 raba 9 ya ba ka wajen milimita 4 da rabi. 50 raba 24 ya ba ka milimita 2 kacal. Da tsakar rana ba matsala don ƙwayar ido ta tsuke, amma da asuba ko dab da magariba ƙwayar ido tana buɗewa ta kai 5 zuwa 7 gwargwadon shekarun mutum, sai ka ga hoton ya yi duhu, kuma da ka motsa kai kaɗan ya ɓace baƙi ƙirin. Dila kuwa yaushe take yawo? Daidai wannan lokacin.

Sai faɗin filin da kake gani. A kan 3, a nisan mita 100 kana ganin faɗin wajen mita 11 ko 12. A kan 9 ya koma wajen mita 4. A kan 24 bai fi mita ɗaya da rabi ba. Dabba ta yi taku uku ta fita daga madubi, kafin ka sake nemo ta ta shige kwari. Kuma shi babban mafi ƙanƙantarsa 6 ne, in ta ɓullo maka a mita 30 da wuya ka kamo ta cikin madubin da sauri.

Ni ban ce 24 ba ta da amfani ba, masu gasar harbin allo a mita 800 da 1000 da irinsu suke aiki, amma su a kwance suke, bindiga kan ƙafafu, jakar yashi a baya, allo kuma ba ya motsi.

Baba_Maharbi_Keita
Ɗana ne ka rubuta mini wanga saƙo, ni ina faɗi shina bugawa. Na san mahaifin yaron ga in dai wanda nike zato ne, Allah shi gafarta mai. Ni shekara arba'in da wani abu ina shiga daji, da adaka na hwara kahin in samu kalibar 12, ban taɓa sa gilashi bisa bindiga ba. Abin da munka koya wurin iyayenmu shi ne iska. Ka ɗebi ƙasa ka saki ka ga inda ta nuhwa, ka bi ta ƙarƙashin iska, ka ja ciki in ta kama, ka yi haƙuri. Dila wayo gare ta amma tana da hanya guda da take bi zuwa garke, ka nemi sawunta da sahe ka samu wurin zama tun la'asar, da kanta za ta zo maka taku sittin. Yaran yanzu kuna son ku harbi abu tun daga wata unguwa. Wanda bai iya matsawa kusa ba bai gama koyon hwarauta ba, ko mi ya ɗora bisa bindigarshi.

Yaron_Abalak
Baba Allah ya ƙara girma, gaskiya ne, amma dajin Keita akwai duwatsu da kwazazzabai inda mutum zai laɓe. Namu tudun rairayi ne da ƴan aduwa jefi jefi. Kuma dabbobin yanzu sun ji moto sun ji harbi, ba su tsayawa kamar na zamaninku.

Baba_Maharbi_Keita
Su wa sunka koya musu gudun? Ba masu bin su da mota ba ne?

Mai_Gyaran_Agogo
Salamu alaikum. Ni ba maharbi ba ne, agogo nike gyara da jimel, wato madubin hangen nesa na ido biyu, da ƴan kayan gilashi, amma madubin bindiga sun fi goma da aka kawo mini cikin shekarun nan shi ya sa zan sa baki. Wanda aka kawo na ƙarshe sunan wani babban kamfani ne a jikinshi har da kwali mai kyau, mai shi ya ce jika 45 ya saya. Da na kwance shi gilasai biyu na ciki roba ne, zaren gicciyen kuma da gam aka liƙa, harbi bai kai ashirin ba ya karkace. Sifirin ɗin da ke riƙe bututun ciki siriri kamar na biro. Irin wannan ko ka juya maɓallin sama na gyara saiti yana ƙas ƙas a kunne amma ciki ba abin da ke motsawa daidai.

Na ƙwarai ana cire iskar ciki a ɗura mishi nitrojin ko argon a toshe da zoben roba, shi ya sa ba ya yin gumi. Na jabu da damina ta sauka ka fito da shi daga ɗaki da sanyin safe sai ka ga hazo daga ciki, wanda ba ka iya gogewa. Kuma duk wanda aka buɗe, ko na ƙwarai ne, iskar nan ta fita ke nan, ni ba ni da abin maida ta, ina faɗa wa mutane gaskiya kafin in taɓa.

Abu ɗaya da nike roƙonku, ku daina goge gilashi da bakin rawani ko gefen riga. Ƙurarmu yashi ce, tana kankare fentin da ke kan gilashin, wanda in ka karkata shi ka ga yana ɗaukar kore ko shuɗi, wannan fentin shi ke sa haske ya wuce. A hure tukuna, a share da burushi mai laushi, sannan ƙyallen tabarau. Marfi kuma kullum a rufe.

Ɗan_Adar84
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Baba na Keita, in sha Allahu zan bi sawun kamar yadda ka ce, Baba ma haka yake yi, sai dai ni aiki ya riƙe ni cikin gari, kwana biyu kawai nike samu in je. Mai agogo, to ta yaya zan gane na jabu daga hoto? Abokin nawa bai san kan bindiga ba, kayan waya yake sarowa.

Mai_Gyaran_Agogo
Daga hoto da wuya. Ya duba lambar da ke jikin bututun, ya shiga shagon da ke wakiltar kamfanin da kanshi ba teburin bakin hanya ba, ya karɓi rasit da takardar garanti. Kuma kuɗi ba su ƙarya, in an ce maka Zeiss ko Swarovski ko Leupold a kuɗin buhun shinkafa biyu ka san amsar da kanka.

Gandun_Daji_TA
Ina karantawa tun ɗazu, bari in ce wani abu tunda aikina ne. Ɗan_Adar ka kyauta da ka gyara takardu kafin komi, da yawa ba su yi. Amma ka sani takardar riƙe bindiga daban, parmin farauta daban, kuma parmin ba ya nufin kowace dabba ko kowane wata. Dokar da muke aiki da ita ita ce 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji. Farautar dare da fitila haramun ce, bin dabba da mota ana harbi haramun ne, haka guba da makaman yaƙi. Akwai dabbobin da ba a taɓawa sam, kamar raƙumin dawa na Kure da waɗanda aka kai Gadabeji a 2018, da adas, wato wata irin barewar hamada, na Termit, da jimina. Maganar dila da ke cin dabbobi kuwa ka zo biro ka shigar da ƙara, akwai yadda ake bi.

Sai maganar shigo da madubin. Kada abokinka ya jefa shi cikin jaka tsakanin caja da waya ya sauka Yamai haka nan. Ka je wurin da suka ba ka takardar bindiga ka tambaya tukuna abin da ake buƙata, a rubuce in da hali. Da halin tsaron da muke ciki, musamman arewacin jiharmu, mutum da bindiga mai madubi a daji ba kallon maharbi za a fara yi mishi ba. Ka sanar da jandarmomin wurin da mai gari duk ranar da za ka fita, takardu kuma a aljihu. Wannan don ranka nike faɗa.

Tsohon_Soja_Tawa
Wannan magana ta ƙarshe a riƙe ta da hannu biyu. Daga nesa ba wanda ke ganin parmi.

Maman_Halima
Ku yi haƙuri in shigo maganar maza. Mijina makiyayi ne kuma yarana biyu suna bin awaki a irin filin da kuke magana. Abin da ke tada mini hankali da wannan harbin nesa shi ne wanda ya liƙa ido a madubi dabbar kawai yake gani, ba ya ganin abin da ke bayanta. Injiniya da kanshi ya ce faɗin mita ɗaya da rabi. To yaron da ke zaune gindin aduwa can baya fa? Shekara uku da suka wuce harsashi ya faɗo kusa da rijiyar da muke ɗiban ruwa, ya bugi bokitin ƙarfe, ba mu ga wanda ya harba ba ko ƙarar ma da kyar muka ji, har yau in na tuna jikina sanyi yake. Don Allah duk wanda zai saya ya saya, amma ya ɗaga kai ya duba da idonshi biyu kafin ya ja.

Injiniya_Yamai
Hajiya kin faɗi abin da ya fi duk lissafina muhimmanci. Harsashin .308 in ya kuskure kuma bakin bindiga na sama yana iya tafiya fiye da kilomita 3, a fili mai tauri kuma yana buga ƙasa ya tashi ya canza hanya. Ƙa'ida ita ce ba a harbi sai akwai tudu ko gangaren rairayi bayan dabbar da zai shanye harsashin, dabbar da ta tsaya kan tudu sama ce a bayanta a bar ta ta tafi. Kuma ba a neman dabba da madubin bindiga, jimel ake sa wa, domin duk abin da ka kalla ta madubi ka auna shi da bindiga ke nan, ko mutum ne.

Sani_Madawa
Ni dai abin da ya same ni zan faɗa don kada ya samu wani. Na ɗora wani madubi mai araha a kan bindigar wana, ban san akwai wani abu wai tazarar ido ba, wato nisan da ke tsakanin idonka da gilashin baya lokacin da hoton ya cika. Nawa gajere ne, sai ka matsa sosai kafin ka gani, in ka ƙara ƙarfi kuma ya ƙara gajarta. Na kwanta a gangare ina auna sama, na ja, bindiga ta yi shuri bakin madubin ya sare ni a gira, jini ya rufe mini ido, ɗinki huɗu aka yi mini kuma likita ya ce saura kaɗan da idon ne. Ɗan_Adar .308 tana da shuri, ka nemi mai tazarar santimita 9 zuwa 10, ana rubutawa a takardar cikin kwali. In za ka ɗaura kuma ka saɓa bindigar a kafaɗa ido rufe yadda ka saba, ka buɗe ido, inda hoton ya cika nan za a ɗaure, kada ka riƙa miƙa wuya kana bin madubi.

Malam_Konni
Allah ya ƙara sauƙi Sani. Ni ta fuskar addini zan ɗan tunatar. An umarce mu da kyautatawa ko a wajen yanka da kisa, ba a azabtar da dabba. Wanda ya harba daga nisan da bai da tabbas ya karya mata ƙafa ko ya huda mata ciki ta gudu ta je ta kwana uku tana mutuwa, wannan akwai nauyi a kanshi ko da dila ce mai ɓarna. In kuma abin ci ne, ka yi bisimilla lokacin harbi, in ka iske ta da rai ka yanka. To wanda ke mita 500 kafin ya iso fa? Ku riƙa sa wannan cikin lissafinku.

Abdu_Ɗan_Lise
Don Allah tambaya ta gefe, ni bindigar iska gare ni mai karyawa ta harbin kurciya a gona, madubi biyu ta kashe mini, mi ke jawo haka alhali ba ta da ƙarfi kamar taku?

Mai_Gyaran_Agogo
Ƙanena irin taka mai sifirin shurinta biyu ne, ta ja baya sannan ta fizga gaba, madubin bindigar harsashi kuwa an gina shi don shurin baya kawai. Ka nemi wanda aka rubuta na bindigar iska ne, da maɗauri mai ɗan ƙusa da ke hana shi zamewa.

Ɗan_Adar84
Hajiya Maman Halima wallahi maganarki ta shige ni, yaran da ke kiwon namu ma ƙannena ne. Malam na ji. To yanzu na fara sauka daga kan 24 ɗin. Amma abokin ya sake turo hoto, a kan maɓallin ɗaya an rubuta 1/4 MOA, wani kuma da ya gani a shagon an rubuta 0.1 MIL, mi ke nan? Kuma gaskiya har mita nawa mutum irina zai iya?

Injiniya_Yamai
Duka biyun ma'aunin kusurwa ne, suna gaya maka nawa harsashi zai gusa in ka juya ƙas ɗaya. MOA ɗaya wajen santimita 2.9 ne a mita 100, to kwata ɗinsa ya kama milimita 7 da ɗan kai. MIL ɗaya santimita 10 ne cif a mita 100, ƙas ɗaya na 0.1 santimita 1 ke nan, a mita 200 santimita 2, a 300 santimita 3. Amurkawa da ke lissafi da inci da yadi sun saba da MOA, mu da muka tashi da mita MIL ya fi mana sauƙi, ba sai ka ɗauko kalkuleta a daji ba. Abin kiyayewa kawai layukan da ke cikin gicciye da maɓallan su zama ma'auni ɗaya, akwai masu araha da ciki MIL waje MOA, ruɗani ne zalla.

Maganar nisa kuwa ga yadda abin yake. In ka daidaita .308 a mita 100 da harsashin farauta na yau da kullum, a mita 200 yana faɗuwa wajen santimita 10 zuwa 12, a 300 wajen 40, a 500 ya wuce mita ɗaya da rabi. Iskar gefe mai gudun kilomita 15 a awa, wadda a hunturu ba ma kiranta iska, tana ture shi kusan santimita 20 a mita 300. Ƙirjin dila kuwa inda ya kamata a samu bai fi tafin hannu ba. Ka ga in ka ɗauka tana 250 alhali tana 300 ka riga ka kuskure, kuma a fili fetal ido yana ƙarya sosai wajen nisa. Shi ya sa ni da kuɗin nawa ne zan sayi madubi matsakaici mai gilashi mai kyau, ragowar in sayi ƴar na'urar auna nisa mai leza da harsashin gwaji.

Har mita nawa, allo ne zai gaya maka ba mu ba. Ka zana da'ira mai faɗin santimita 12 a kwali, ka harba biyar a yanayin da za ka yi farautar, zaune ko kan sanduna. Nisan da biyar ɗin duka suka shiga, nan ne iyakarka a yanzu.

Tsohon_Soja_Tawa
Injiniya lissafinka daidai ne amma ni ba zan sa yaro ya riƙa juya maɓalli a daji ba, mantuwa ake yi a bar shi a juye, gobe a harba sama. Ya daidaita a mita 200 kawai, harsashi zai hau wajen santimita 5 ko 6 a mita 100, daga bakin bindiga har 230 ya auna tsakiya ya ja ba tunani. Abin da ya wuce nan ya bi shawarar Baba na Keita ya matsa. Kuma ya daidaita da irin harsashin da zai yi farauta da shi, in ya canza kamfani ko nauyi ya koma allo. Kada ya bar bindiga da harsashi cikin mota a rana, zafi yana canza inda take bugawa.

Wani abu da ba wanda ya ambata, zobban ɗauri. Mutum ya sayi madubi mai tsada ya ɗaure da zobban jika biyu, harbi uku saiti ya gudu ya ce madubi ne. Ka duba bututun milimita 25.4 ne ko 30, zobban su dace da shi, na ƙarfe mai kyau, kuma ba a ɗaure bis ɗin da ƙarfin tsiya, ana lotsa bututun. Bindigar mahaifinka tsohuwa ce, ka fara duba ko tana da ramukan ɗora madubi a sama, in babu kada ka ba mai walda.

Alhaji_Ɗan_Tabalak
Ni ban yarda da ku duka ba a kan 3-9. Shekara shida ina da 4-16x44 kuma ban yi nadama ba. Yawanci a kan 6 yake zaune, amma ranar da iska ta kwanta da sanyin safe bayan damina, sararin nan garau, in na kai shi 14 ina rarrabe namiji da mace, ina ganin ko tana da ciki ko tana shayarwa in ƙyale ta. Wannan ma amfani ne ai. Kuma yana da maɓalli na uku a hagu na gyara hoto gwargwadon nisa, wanda yawancin 3-9 ba su da shi, an kafe su a wajen mita 100, in ka wuce nan kuma idonka bai zauna tsakiya ba gicciyen yana ɗan gocewa daga inda kake zato. Mai idon da ya fara rauni kamar yadda yaron ya ce, 9 za ta yi mishi kaɗan a kan dila a mita 250.

Injiniya_Yamai
Alhaji ban musa ba, 4-16 ko 3-12 na ƙwarai tsaka-tsaki ne mai kyau in aljihu ya kai. Sai dai ya lura da abu ɗaya in gicciyen yana da ƴan layukan faɗuwar harsashi. A yawancin madubin farauta gicciyen ba ya girma in ka ƙara ƙarfi, to layukan nan daidai suke a ƙarfi ɗaya tak, galibi na ƙarshe. Akwai waɗanda gicciyen ke girma tare da hoton, ana rubuta FFP a kwalinsu, su layukansu daidai ne a kowane ƙarfi amma in ka sauko ƙasa zaren yana sirancewa har ya yi wuyar gani da magariba, sai in yana da ɗan jan haske a tsakiya mai aiki da pil CR2032 irin na makullin mota.

Maman_Halima
Ni dai har yanzu ina ganin karnuka biyu na Azawak da shingen ƙaya mai kyau sun fi duk wannan arha. Mu tun da muka samu karnuka ba mu sake rasa ɗan akuya ba.

Yaron_Abalak
Inna karnukan ma sai an ciyar da su, kuma dilar wajenmu bibbiyu suke zuwa, ɗaya ta ja kare ɗaya ta shiga. Yaya Ɗan_Adar in ka tashi gwajin allo ka kira ni, akwai wani tudun rairayi gabas da rijiyarku da ba kowa bayanshi, ina da igiya mai mita 50 mu auna da ita.

Ɗan_Adar84
Madalla, Allah ya saka wa kowa. Na ce wa abokin ya dakata kada ya sayi komi tukuna. Litinin zan je in tambayi maganar shigo da shi kamar yadda na gandun daji ya ce, in shigar da ƙarar dilar kuma. Na duba bindigar yanzu, akwai ƙananan bis huɗu a sama biyu gaba biyu baya, ina zato su ne ramukan da Baba soja ke nufi. Tsakanin 3-9 na ƙwarai da irin na Alhaji ne ban yanke ba, sai na ji kuɗin. Hajiya maganar karnuka ma zan kai wa kawuna. Baba na Keita, in na shigo Keita ran kasuwa zan iya zuwa gaishe ka? Ina son ka nuna mini yadda ake karanta sawun nan.

Baba_Maharbi_Keita
Ka zaka ɗana, gida naka ne. Ka taho da takalmin da ba shi ƙara, kuma ka kwana nan don da asuba za mu hita.

Alhaji_Ɗan_Tabalak
Kafin ka je ka turo hoton bis ɗin nan da sunan da ke jikin bindigar, tazarar ramukan ba ɗaya ba ce a kowace ƙira, kada a sayo maka maɗaurin da ba zai hau ba. Mai agogo, kana da turnabis ƙanana da za su kwance su ba tare da sun cinye kan ba? Na tabbata sun shekara talatin ba a taɓa su ba.